Gawayin Yaya Lanti

Kowace tsohuwa goro take ƙullewa a bakin zane, ban da aminiyata Yaya Lanti. Ita gawayi! Kun dai sani, in ta zo gaisuwa gidanka sai ka tsare bangonka.

Asalin abin, rabon taki aka yi a Minjibir. Ma'aikacin ya kamo babban yatsanta ya dangwala a tawada, a kan lallen da ta sha wahalar ƙunsawa. Ta dawo tana huci.

"Kande, ya riƙe min yatsa kamar zai yi wa akuya allura! Wallahi ba zan mutu ina dangwale ba."

Sai ga ta a ajin yaƙi da jahilci, gindin darbejiya, tana ture matan jikokinta daga gaban allo. Ni ban je ba. Abin da na ji tun ina goyo yana nan a kaina, ba sai an zana min ba.

Ranar da ta iya rubuta sunanta, Lanti, ta naɗe tabarmarta. Malama ta ce, "Iya, ai yanzu aka fara."

"Aka fara me? Saura ai sunayen mutane ne, 'yar nan. Kowa ya zo ya koyi nasa."

Daga nan muka shiga uku. Rumbu, Lanti. Ƙofar Liman, Lanti. Jakin Malam Sabo ya wuce rafi da Lanti a gindi, mai jaki ya zo yana faɗa.

"Yo Sabo, shi jakin ya yi ƙara ne? Tsayawa ya yi cak, ya fi ka son ilimi."

Bikin autata kuwa, an aro kwanuka daga gida-gida. Yaya Lanti ta ce a kawo fenti ta sa wa kowanne shaida, kada su cakuɗe. Muka yi ta sa mata albarka. Aka tashi mayarwa, 'yan boko suka duba gindin kwano, suka kwashe kaf sai ɗakinta! Na bi sawu ina salati.

"Yaya, har da tasata ta gado?"

"Ke da ba ki iya karatu ba, ina kika san taki ce?"

Da damina ta kewayo aka sake rabon taki. Ma'aikaci ya miƙo tawada, ta ce, "Biro, yaro." Ta baje a ƙasa, ta fito da harshe gefe, tana ja tana nishi. Layi ya kai bakin titi, maza na ta "Haba Iya!" Sunan ya cinye gurbin mutum uku. Ta miƙe ta kamo hanya, yatsa a sama fes, tana nuna wa duk wanda ta gamu da shi. Takin ma can ta manta shi.

Ba ta ga girbin shekarar ba.

Allah ya ji ƙanki, Yaya Lanti, ya sa kin huta. Ranar da za a raba wa kowa takardarsa, Allah ya miƙo miki taki takardar a hannun dama. Amin.