Tawadar Dogo a Hannun Salama

Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗinkin bakin buhu a kasuwar hatsi ta Ɗandume. Sunana Mati, kuma duk wanda ya yi irin zaman da na yi ya san buhu ba ya faɗin sunan mai shi. Idan aka ɗinke masara aka jera, ko wanda ya noma ta ba zai nuna tasa ba. Shi ya sa kowane ɗan kasuwa yake da shaidarsa da ake shafawa a gefen buhu. Wani ƙafar kaza ce tasa, wani tsani, wani wata da ɗigo biyu. Direba da 'yan dako ba ruwansu da karatu, shaidar suke dubawa.

Mai haɗa tawadar da ake wannan shaida, tun ina sabon shiga, shi ne Dogo, wani Bamaguje daga ƙauyen bayan Tsiga. Rumfarsa tana jikin tawa. Kunkunniyar tukunya yake tarawa don baƙa, jar ƙasa don ja, ya niƙa su da ruwan ƙaro a kan dutse har kwaɓin ya yi laushi. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan taurin kai. Ba ya sayar da gwangwani sai ya lakata ya murza tsakanin yatsunsa biyu. In ya ji ko ɗan tsakuwa-tsakuwa, sai ya mayar kan dutse, ko da kuwa motarka ta tayar tana jiranka.

Da idanunsa suka mutu, 'yarsa Salama ta gaji rumfar. Ita ta bi addinin Kirista tun tana makaranta, shi kuma yana nan kan na kakanninsa, amma ban taɓa jin wannan ya haɗa su faɗa ba. A kan tawada ne kawai suke sa-in-sa. Salama gajera ce, mai faɗin kafaɗa, hannayenta kullum baƙi har gwiwa. Nakan tsokane ta in ce duk wanda ya ci tuwonta sai an gane shi a hanya. Ita kuma ta ce ni da nake riƙe allura da haƙori ba ni da bakin yi wa kowa maganar tsafta.

Shekarunta na farko sun tafi lafiya. Abin da ya ɓata lissafi shi ne buhu. Na algarara ya yi ta ja da baya har ya zama sai an nema, na leda ya cika kasuwa. Algarara tana shan tawada, ta riƙe ta har buhun ya tsufa. Leda kuwa ba ta shan komai. Tawadar ƙaro takan bushe a samanta kawai, ta yi kyau a ido, da zarar ruwa ya taɓa sai ta bi shi.

Wata rana a ƙarshen damina, ruwa ya kama wata mota a kan hanyar Zariya ba tamfol. Kayan mutum uku ne a ciki, farar masara da ja. Ko da aka isa, buhunan duk sun koma fari fat, ba ƙafar kaza ba tsani. Sai da aka farke bakin kowane buhu, kuma duk da haka mutanen ba su rabu da daɗi ba. Biyu daga cikinsu har yau gaisuwar nesa suke yi. Ni na sake ɗinke buhunan, don haka na ji kowace baƙar magana da aka faɗa a kan tawadar Dogo, kuma ta yi mini zafi kamar da ni ake.

Salama ba ta tsaya musu ba. Ta bar ruwa ta koma mai. Ta sayo garin kala a Funtuwa, ta riƙa kwaɓa shi da man fenti da ɗan kananzir. Wannan ya kama leda, ruwa bai wanke shi ba, amma ya zo da tasa fitinar. In ta sa gari da yawa don kalar ta fito, kwaɓin ya yi tauri, ko sanda ba ta juya shi. In ta sassauta, kwana uku garin ya kwanta a gindin gwangwani ya daskare, sama ta zama tsagwaron mai. Mutum ya buɗe a tsakiyar lodi, ya shafa, shaidar ta fito dishi-dishi. Wasu suka fara dawo mata da gwangwanaye suna ajiyewa ba sallama.

Sai Alhaji Maitama, shugaban 'yan hatsi, ya zo da kansa. Tsohon abokin cinikin Dogo ne, ba mai son wulaƙanta mutum ba, amma kasuwa ce a wuyansa. Ya ce mata akwai wani mutum da ke neman rumfar zai kawo fentin feshi na gwangwani, kuma 'yan kasuwa sun matsa a ba shi. Ya ba ta wata ɗaya. Za ta kawo tawada ya kulle a shagonsa mako biyu ba mai taɓawa, sannan a buɗe gaban jama'a. Ya ƙara da sharaɗin da ya fi komai nauyi.

"'Yar Dogo, ni ban san tawada ba, yatsun ubanki na sani. In ya murza ya ce ta yi, rumfa taki ce. In ya ce ba ta yi ba, ki yi haƙuri."

Ta ce ta ji. Da ya tafi na dube ta, ina jiran in ga hawaye, sai na ga tana wanke muciyarta. Ta ce mini ta san ciwon, magani ne ba ta samu ba. Tun tana yarinya Dogo ya koya mata cewa gari mai laushi ba ya son rabuwa da ɗan'uwansa, kullum neman dunƙulewa yake. Aikin ƙaro shi ne ya shiga tsakani, ya lulluɓe kowace ƙwaya ta zauna ita kaɗai, ta kasa manne wa ta kusa da ita, ta kasa nutsewa. To ƙaro ba ya narkewa a mai. Abin da take nema shi ne wanda zai yi aikin ƙaro a cikin mai, kuma ta tabbata akwai shi, tun da fentin kanti yana wata da watanni bai daskare ba.

Washegari ta hau mota zuwa Funtuwa wurin Malam Jibril, mai buga rubutu a riguna da allunan shaguna. Na raka ta saboda ina da sayayyar zare. Da ta yi masa bayani sai ya yi dariya, ya jawo wata 'yar jarka daga ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta. Ruwa ne mai kauri, kalar zuma. Ya ce wani ya kawo masa daga Kano da alkawarin zai hana kala kwanciya, ya gwada sau biyu bai ga abin kirki ba. Ya faɗi sunansa da Turanci, ya fi ƙarfin bakina. Salama ta tambaye shi yadda ya yi amfani da shi. Ya ce yadda kowa zai yi mana: ya kwaɓa garin da mai, da ya ga ya yi tauri da gudaji sai ya tsiyaya maganin a kai ya juya.

Salama ta dube ni, na ga tana danne dariya.

"Malam, ka taɓa kaɗa miyar kuka?"

Ya ce Allah ya kiyaye, yana da iyali. Ta ce ai shi ya sa. Macen da ta juye kuka gaba ɗaya a tukunya ta riga ta ɓata miya, ko me za ta zuba daga baya gudajin ba zai fashe ba. Ruwan ake fara gyarawa, sannan a riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan ana kaɗawa, kowace ƙwaya ta jiƙa kafin ta kusa da ita ta sauko. Malam Jibril ya sosa ƙeya ya ce ta ɗauki jarkar, in ta yi aiki ta dawo ta koya masa. Tun a mota ta raɗa wa abin suna ƙaron kanti.

Kwana goma ta yi tana gwaji a bayan rumfa. Ta jera gwangwanayen madara takwas a kan benci, na farko rabin cokali na ƙaron kanti, na biyu cokali ɗaya, haka har na takwas. A kowanne sai ta fara narkar da shi a mai, sannan ta barbaɗa gari tana niƙawa a dutsen ubanta. Waɗanda ta yi wa rowa suka kwanta. Waɗanda ta cika wa hannu suka ƙi bushewa, aka wuni shaidar tana danƙo a jikin leda, har ta ɓata mini riga ɗaya. Na huɗu ne ya ba mu mamaki. Ya ci gari ninki biyu na abin da ta saba sawa, amma in ta ɗaga muciya sai ya zubo a hankali bai tsinke ba. Ta cika gwangwani biyu da shi, baƙa da ja, ta kai wa Alhaji Maitama ya kulle.

Saura Dogo. Ta je gida ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ta gaya masa komai ba ɓoye-ɓoye. Ta dawo ta ba ni labari cewa ya juya mata baya. Ya ce shi abin da bai san itacensa ba ba ya shiga tukunyarsa, kuma in ta ga dama ta sayar da ruwan kanti, amma kada ta ƙara kiransa tawadar Dogo. Na ce to yanzu fa? Ta ce zai zo. Ta san ubanta, ba zai iya zama a gida ana buɗe gwangwani da sunansa ba.

Ya kuwa zo. Ranar kasuwar da mako biyun ya cika, da hantsi mai babur ya sauke shi, ya rame, amma tsayin yana nan. Mutane suka taru a gaban rumfa, har da mai fentin feshin, yana ta kaɗa gwangwaninsa don a ji ƙara. Alhaji Maitama ya ɓalle murfin baƙar tawada, ya soka tsinke. Tsinken ya wuce har gindi, muka ji ya taɓa ƙarfe. Ya juya, ya ɗago, ba dunƙule ko ɗaya. Ya miƙa wa Dogo gwangwanin.

Tsohon ya shinshina, ya yamutsa fuska saboda warin mai. Ya lakata da ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya daɗe yana murzawa. Ya sa aka ba shi tsinken, ya kankaro daga can gindi, ya sake murzawa. Salama tana tsaye, hannu a ƙugu, ko gezau.

"Me kika fara sawa?"

"Ƙaron, Baba. Na narkar da shi a mai."

"Garin fa?"

"Kaɗan-kaɗan, ina niƙawa."

"A dutsena?"

"A dutsenka."

Sannan ya juya wajen da yake jin numfashin Alhaji Maitama, ya faɗi abin da a duk shekarun da muka yi maƙwabtaka bai taɓa faɗa ba. Ya ce lokacin da ya fara sana'ar nan tawadarsa gudaji take yi, har ya kusa bari. Matarsa Hajo, uwar Salama, ita ce ta ture shi daga kan dutsen wata rana ta nuna masa yadda ake barbaɗa gari. Shekara arba'in ana cewa tawadar Dogo, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba. Hajo ta rasu Salama tana goye, don haka yarinyar ba daga bakinta ta ji ba.

"Ban san itacen wannan abu ba, Alhaji. Amma hannun na san shi. Ta yi."

Salama da ba ta yi kuka ranar da aka ba ta wata ɗaya ba, sai ga shi ta juya tana goge ido da bayan hannu, ta bar baƙin layi a kumatu. Ni ma na sunkuya ina neman allurar da ke bakina.

Dogo bai gama ba. Ya ce a kawo masa buhun leda, sabo. Aka sirka cokali ɗaya na kwaɓin da ɗan mai a murfin gwangwani, ya ƙi karɓar buroshi, ya tsoma yatsa ya ja layi uku a tsaye, shaidar da yake sa wa nasa buhunan a da, wadda rabon da a gan ta a kasuwar nan tun zamanin algarara. Aka shanya a rana, muka ci gaba da harkokinmu, shi yana zaune a bencin rumfar ya ƙi tafiya. Bayan azahar Alhaji Maitama ya ɗauko bokiti cike da ruwa ya sheƙa wa buhun, ya sa tafin hannu ya goga da ƙarfi.

Tsohon ya ji zubar ruwan, ya ɗago kai.

"Salama, tana nan?"

"Tana nan, Baba. Duka ukun."

Ya ce to a naɗe masa buhun, irin masararsa na bana zai zuba a ciki. Ni na ɗaure masa shi a bayan babur.