Tsibirin da Teku Ke Cinye Hanya

Doha

Ƙarfe uku da rabi na asuba na fito daga ɗakinmu na unguwar Najma, na bar 'yan ɗaki biyar suna minshari kamar injin niƙa. Maigidana, Balaraben da nake tuƙawa shekara shida, zai je hutu wani tsibiri a arewacin Scotland, kuma ya ce ba mai ja masa mota sai ni. Awa bakwai a sama, kwana ɗaya a otal, sai jirgin ruwa awa biyar, inda na amayar da tuwon da na ci tun bara.

Tsibiri

Jama'a, a nan tumaki ne 'yan gari, mutane baƙi. Allunan hanya kuwa da yarensu aka rubuta, Gelik. Ni tsohon direban tasha ne, ba na shiga wuri ban tambayi ma'anar sunansa ba, don wanda ya raɗa wa wuri Kwanar Mutuwa ba wasa yake yi ba. Tsohuwar da ta sauke mu ta ba mu kifi da dankali babu ko ƙwayar barkono, ta ce Tobar rijiya ce, Cnoc tudu, Baile Mòr babban gari. Na ƙirga gidajen babban garin, tara ne har da akurkin kaji.

Rana ta uku

Ƙarfe biyu da minti goma na rana, bayan kilomita sha takwas, kwalta ta ƙare a bakin wani shimfiɗeɗen rairayi. Can ƙetare ga ƙaramin tsibirin da Maigida ke son gani. Taswirar waya ta ce a miƙe. Allo ya ce An Fhadhail. Na taka birki, na ce sai na tambaya.

Maigida ya ce a yashi aka haife shi, me yashin Turawa zai yi masa?

"Yalla, mu je, Sale. Ka tuƙa, ko ka ba ni makulli ka koma Kano."

Yarana huɗu suka gilma ta idona. Duk da haka na zare makulli, na ruga wurin wani dattijo mai kiwo da karensa. Da guntun Turancina da nuni na gane: sunan na nufin mashigin da teku ke buɗewa ta sake rufewa, kuma yanzu tana hanyar dawowa.

Na dawo na faɗa wa Maigida. Muka zauna minti ashirin. Sai ga ruwa yana lallaɓowa kamar ɓarawo. Kafin ƙarfe uku, inda za mu bi raƙumi ma sai ya yi iyo.

Komawa

Har muka sauka Doha bai tayar da zancen ba, ni kuwa na riga na fara tsara yadda zan yi wa maiɗakina bayanin korata daga aiki. A ƙofar gidansa na sauke akwatuna, na miƙa masa makullin motarsa. Ya dube shi, ya ture hannuna baya da makullin a ciki.

"Gobe ƙarfe bakwai."

Alhamdu lillahi. Dattijo mai kare, Allah ya ƙara tumaki.