Numfashin da Solange Ta Gada

Duk wanda ya zauna a benen nan na unguwar Batignolles ya san Madame Solange Brémond. Ko bai san fuskarta ba, ya san safiyarta. Kafin mai burodi ya gama jera kaya za ka jiyo ta daga can sama, ta kama sauti ɗaya a sarewa tana ja, ta sauka kan na ƙasa da shi, ta sake komawa. Haka mabusan Paris suke buɗe yini tun kaka da kakanni, ita kuwa ba ta taɓa fashi ba, ko ranar da aka binne mijinta.

Ba shahararriya ba ce. Ƙuruciyarta a kujera ta biyu ta ƙare, cikin makaɗan wani gidan wasa, tana rufa wa mai kujerar farko baya. Abin taƙamarta ɗaya ne, ita ɗalibar Maître, wato babban malami, Célestin Aubrac ce. A wannan sana'a ba a fara tambayarka me ka iya, sai dai wa ya koya maka, shi kuma wa ya koya masa. Malami ya busa, ɗalibi ya kwaikwaya, har yadda yake karkata wuya.

Shi Aubrac yana da wata alama. Akwai wani kiɗa mai taushi da kowane ɗalibi ke haddacewa, a tsakiyarsa akwai doguwar gaɓa da aka rubuta don a busa ta da numfashi ɗaya. Shi kuwa sai an zo dab da ƙololuwa ya yanke, ya ja iska da wani siririn fito, fiii, sannan ya ƙarasa. Ɗalibai suka ce ai nan gwanintar take. Kowa ya ɗauka, har abin ya samu suna, ana ce masa numfashin Aubrac.

Da Aubrac ya rasu, aka dawo daga binne shi, matarsa ta kira Solange ta miƙa mata sarewarsa ta azurfa. Tsohuwar ba ta tauna magana.

"Ungo, ke ya ce a ba. Ki kuma gaya wa sauran shashashun nan su daina yanke kiɗa a tsaka."

"Haba Madame, ai salon Maître ne."

"Salon me? Huhu ɗaya gare shi, yarinya! Iskar guba ta cinye ɗayan tun a yaƙin duniya na farko. In bai tsaya a nan ba faɗuwa zai yi. Ya dawo gida yana kukan wurin nan, ku kuna can kuna tafi."

Kunya ta kama Solange, haushi ya biyo baya. Washegari da safe ta ɗauki sarewar da niyyar wuce wurin, tunda ita huhunta biyu, lafiya lau. Tana isa dab da ƙololuwar sai ta ji fiii a kunnenta na hagu, daidai inda Aubrac yake tsayawa in yana koya mata. Ƙirjinta ya kulle, ta yanke. Ta waiwaya, ba kowa sai labule, taga kuma a rufe take. 

Ta gwada da tata tsohuwar sarewar, haka. Ta gwada a gidan wasa cikin jama'a, haka. Ba ta gaya wa kowa ba, wa zai yarda? Ta tsufa da abin kamar yadda ake tsufa da ciwon gwiwa. Har ta kai in za ta yi busa sai ta fara janye kujera daga hagunta, ta bar masa wurin tsayuwa.

Bayan ta yi ritaya ne Noémie Castel ta zo neman darasi, 'yar Marseille, ƙirji kamar zugazugin maƙeri, baki kuwa ba linzami. Ranar farko ta busa kiɗan nan, ta haye gaɓar gaba ɗaya ba ta tsaya ba. Solange ba ta taɓa jin ta a haɗe ba. Ashe haka take da kyau! Hawaye suka zubo mata.

"Madame, har haka na ɓata?"

"Rufe min baki, ki sake."

A ranar ta ɗaukar wa kanta alkawari, wannan yarinya ba za ta gaji numfashin matacce ba. Ta kulle sarewar azurfa a akwati. Ta daina busa a gabanta kwata-kwata, sai koyarwa da baki da hannu, abin da ba a saba gani ba a garin.

"Wace irin malama ce ba ta busa?" in ji Noémie. "Ko mai koyar da iyo ai yakan jiƙa ƙafa."

"In kin gaji, ga ƙofa can."

Fiton dai bai daina ba. Duk sanda yarinyar ta doshi wurin sai Solange ta ji shi, kullum yana ƙara matsowa kamar mai jin haushi. Takan runtse ido ta damƙe hannun kujera har yarinyar ta wuce lafiya, sannan ta saki jiki.

Gasar ƙarshen shekara ta makarantar kiɗa ta matso, wadda daga ita ake sanin wa zai ci abinci da sarewa. Noémie ta roƙi aron sarewar Maître. Solange ta ce a'a.

"Ashe dai ban kai ba," in ji yarinyar.

Abin ya soki Solange, amma ta bar ta da wannan zato. Ana gobe gasa ta ɗauki sarewar ta kai wa maƙerin azurfa.

"Madame, wannan fa zunubi ne," in ji shi, yana juya ta a hannu.

"Ni zan ɗauka. Narka."

Ta tsaya a kansa har ta ga ta zama ruwa. Ta koma gida da sauƙin zuciya irin wanda ta manta da shi.

Ranar gasa, da tsakar rana, zauren ya cika maƙil. Solange ta zauna can baya. Noémie ta fara, sautin na fita garau, ta kamo doguwar gaɓar tana hawa, iska na nan a ƙirjinta ta isa har ta yi saura. Sai ana dab da ƙololuwa ta yanke. Fiii. Kowa ya ji. Tsofaffin alƙalai suka dubi juna suna gyaɗa kai, ɗaya har da share ido. Ita ta zo ta ɗaya.

A bakin ƙofa ta rugo ta rungume malamarta.

"Madame, kin ji? Don ke na yi!"

Solange ta riƙe kafaɗunta. "Wa ya koya miki wannan? A ina kika ji shi?"

"A wurinki mana! Tun ranar farko, duk na zo wurin sai ki runtse ido ki ja numfashi da ɗan fiton nan. Na gane nan kike so in tsaya, taurin kai ne ya hana ki faɗa. Shi ne na yi ta koya a ɓoye."

Solange ta ɗora hannu a ƙirjinta. Ta so ta ce mata ƙarya ne, ba ita ba ce, mutumin nan ne da yake tsayawa a hagunta. Ta buɗe baki ta ja iska don ta yi magana, sai suka ji fiton su biyun.