Injin Kawu Ba Ya Tashi Ran Lahadi

Shekara goma ke nan cif da muka kai Kawu Sambo makwancinsa, kuma ban ɗauki alƙalami don in yi masa kirari ba. Masu kirari sun riga ni. 'Ya'yansa sun buga atamfa da hotonsa, a ƙasan gemunsa suka rubuta wai "Aiki shi ne farin ciki." Shekara talatin da biyu na yi ina jin muryarsa a kan ƙarar inji, ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya zare ni daga lekol, wato makaranta, ina aji biyar, ya kai ni masana'antarsa ta man gyaɗa a Jambutu, ya ce tunda na iya karanta lambar ƙusa, boko ya ishe ni. Har yau ban gama yafe masa wannan ba. Mafaɗaci ne, ba ya yabon kowa, kuma idan ka makara a gaban jama'a zai wanke ka tas.

Amma duk Garwa an san dokarsa. Ran Juma'a inji na mutuwa daga hantsi zuwa la'asar. Ran Lahadi kuwa ba ya tashi sam, saboda rabin ma'aikatansa Kiristoci ne da suka gangaro daga duwatsu. Wata Lahadi wani ɗan kasuwa ya zo tun daga Mindif da mota, yana roƙo a matsa masa ko ganga biyar. Kawu na zaune a tabarma yana watsa wa tantabarunsa gero. Ya ce, "Alhaji, ga inuwa, ga fura. Mai sai gobe."

Ranar da ya gama benensa na tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta. Ya dube ni sheƙeƙe. "Ɗan Hajara, kai dai wawa ne. Aiki wahala ne, iya shi kawai muka yi. Bene kuma hawansa ciwon gwiwa. Daɗin yana lokacin da ka kashe inji, kunnenka ya dawo, ka ji matarka na magana."

To, yau ina ma ya ɗago ya gani. Babban ɗansa Nasiru, wanda ya dawo daga karatu ya ce sai dai a kira shi Direkta, ya tara mu bayan addu'ar cika shekara goman. Ya ce don girmama mahaifinsa, daga wannan makon inji zai yi kwana bakwai ba tsayawa. Baba Piyer, mai suyar gyaɗa, wanda ya riga ni shiga gidan nan kuma shi ke ba da waƙa a cocinsu, ya cire hula ya ce wa sabon maigidan, "Patoron, mu fa?" Nasiru ya ce wanda ya zaɓi coci, coci ta ciyar da shi.

Mabuɗin ɗakin inji a hannuna yake. Ya kira ni ofis yana murmushi. "Yaya Iliya, zamani ya canja. Masu man Duwala ba sa barci, za su cinye mu."

Na ce, "Taubashi, ubanka ya yi barci, kuma shi ya gina kujerar da kake juyi a kai."

Ya daina murmushin. Ya ce in tayar da inji ran Lahadi, ko in ajiye mabuɗi in nemi wani wurin.

Na haura hamsin, ba ni da takarda, aikin nan kaɗai na iya. Na san ba wanda ke jirana a waje. Wataƙila ma Nasiru na da gaskiya a kan mutanen Duwala, ban yi karatun da zan musa ba. Abin da na sani shi ne motocin Kawu sun ruɓe, benen ya koma hannun 'yan haya, tantabarun an yanka. Abu ɗaya ya rage da ke nasa tsantsa, wato yinin nan da talaka ke komawa gidansa ya zama mutum.

Saboda haka, Nasiru, tunda ka fi jin magana a jarida, ga ta. Ran Lahadi zan zo da sassafe, in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin inji. Mabuɗi na aljihun gabana. Ba zan ɓoye shi ba, ba kuma zan miƙa ba. Kada ka aiko mai gadi. Ka zo da kanka, a gaban Baba Piyer, ka sa hannu ka cire.