Akwai Kyanwa a Gidan?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan jiya, ina tsugune ina cire wa karen gadinmu kaska daga kunne aka bugo min waya cewa ka rasu, Baba Mai Maganin Dabbobi. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. Har yau zama wuri ɗaya ya gagare ni.

Baba, ka sha ba ni haushi. Mutum ya shigo shagonka a gaggauce neman maganin kaska, sai ka ɗora tafin hannu a kan kwalbar ka ce, "Akwai kyanwa a gidan?" Shekara da shekaru ka san gidanmu, ka san kyanwar mahaifiyata, amma ba ka taɓa tsallake tambayar ba. Na taɓa ce maka, "Haba Baba, ai ka sani." Ka ce, "Na sani, ɗana. So nake kai ka tuna."

Kai ka koya mana cewa maganin da ake ɗiga wa kare a bayan wuya guba ne ga kyanwa, ko gogar jikinsa ta yi ta lashe. Ranar da matar tela ta shafa wa kyanwarta ragowar maganin kare, kai ka rufe shago ka ruga. Ka wanke kyanwar da sabulu tana karkarwa tana yakushinka, har ta farfaɗo. Tabon yana hannunka aka yi maka sutura.

Bayan rasuwarka na rasa inda zan sa kaina. Kaska ta cika karen har tana hawa bango, ƙuma ta shiga tabarmi, kowa a gidan susa yake. Mai tallar magani a bakin titi ya miƙo min kwalba, wai kare da kyanwa da akuya duk ɗaya ne. Na karɓa, na juya ta, na mayar masa. Tun da idon mahaifiyata ya tafi, kyanwar nan ce abokiyar hirarta, a kan cinyarta take wuni. In ta mutu a hannuna, me zan ce wa tsohuwa?

Jiya ƙafa ta kai ni shagonka, ban ma yi zaton a buɗe yake ba. Na tarar da babbar 'yarka a kan kujerarka, idanunta a kumbure. Na yi mata gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta sauko da kwalbar, na miƙa hannu, sai ta ɗora tafinta a kai.

"Yaya," ta ce, "akwai kyanwa a gidan?"

Baba, kuka na yi a gaban mutane.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa tausayin da ka yi wa marasa baki ya tare ka a kabari, Ya sa Aljanna ce makomarka. Mama uwargidan Baba da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, mu ma Ya ba mu. Amin.