Kumatun 'Yar Fari

Tana da wata shida da 'yan kwanaki na fara lasa mata kunu. Da yatsa nake dangwalowa in shafa mata a leɓe, ta yamutsa fuska ta tofar, sannan ta kamo yatsan da hannu biyu tana neman ƙari. A ciki nake yin dariyata, don 'yar fari ce, kuma a gidan surukaina a Sabiyal uwa ba ta wasa da ɗan fari a gaban mutane. Ko sunanta ban taɓa kira ba. "Yarinyag ga" nake cewa, sai ka ce 'yar maƙwabta.

Da an bar mu haka, da ta koyi ci a hankali tana shan nononta. Amma bayan wata guda na fara amai da safe, uwar mijina kuwa ba a ɓoye mata irin wannan. Ta same ni a bayan ɗaki, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ciki gare ki," ta ce. "Nonon ga ya ɓaci. In ta ci gaba da shan shi, kashe ta za shi yi. Daga yau an yaye ta."

"Inna, ko kunun ba ta iya sha ba tukuna."

"Za ta koya. Duk haka munka yi."

Ba muguwar mace ba ce, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Ta haifa, ta binne wasu, tana ganin ceton jikarta take yi. Ni kuma kunyar 'yar fari ta ɗaure mini baki. In na yi gardama, a ce ba ni da ta ido.

Yarinya ta ƙi kunu ƙememe, sai aka koma ɗura. Inna ta kwantar da ita a cinya, ta tara tafin hannu a bakinta, ta zuba kunu, ta toshe mata hanci. In tana son numfashi dole ta haɗiye. Don ya wuce da sauƙi, ana tsinka shi da ruwa har ya zama ba shi da maraba da ruwan wankin gero. Tana can tana shure-shure, ni ina bayan ɗaki ina matse nonon da ya cika ya yi tauri, ƙasa tana shanyewa. Daga baya ni ma na koyi ɗurar, na kuma iya.

Lokacin cire albasa ne, gida duk ya koma fadama. Ana yanke ganye, ana cika buhuna don kasuwar Aliero, ba mai lokacin zama da jaririya mai ƙin abinci. Ta fara zawo. Babanta ya tambaya sau ɗaya, aka ce masa haƙori ne, ya koma wajen albasarsa. Ta rame, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ta daina dariya. Kukan ma ya koma ƙasa-ƙasa.

Sai kuma wani sati na ga kumatu sun fito. Ƙafafunta suka cika, fatar tana sheƙi. Wallahi daɗi na ji. Matan gida suna ɗagata suna cewa kunu ya karɓe ta, Inna tana murmushi irin na wadda maganarta ta tabbata. Ranar har na karya kunya, na ja kumatun a gaban kowa, aka yi ta yi mini tsiya.

Da na je awon ciki a Jega, da ita na tafi a goye, har da ɗan kwalli na sa mata. Malamar asibitin, wata dattijiya, ta gama da ni, sai idonta ya faɗa kan ƙafar da ta leƙo daga zani.

"Sauko min da ita."

Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar, ta ɗan jima, ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse. Muka tsaya muna kallonsa, bai ciko ba.

"Ɗiyata, wannan ba ƙiba ta ba, kumburi na. Mi kika ba ta?"

Na faɗa mata. Ta tambayi yaushe aka yaye ta, da dalili, na faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta dai ce nonon mai ciki ba ya kashe yaro, lafiyarsa lau. Ta tambaya ko muna da gyaɗa a gida, ko wake, ko kaji masu ƙwai. Duk muna da su. Gyaɗa buhu guda tana jingine a ɗakina.

Aka ba mu gado. Suna ba ta wata madara kaɗan-kaɗan da cokali. Da na ga ba kowa kusa, na sa mata nono a baki. Ya riga ya ƙafe, ita ma ta manta yadda ake kamawa, ta kawar da kai. Ranar kwana na biyar, da hantsi, ta cika. A nan na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko, ban damu da wanda ya ji ba.

Cikin da aka yaye ta dominsa ya zo namiji. Da ya kai wata shida, ni na dama masa kunu mai kauri da gyaɗa, na ba shi da cokali, ya sha nono har ya kusa shekara biyu. Inna ta yi magana sau ɗaya, na ce, "Inna, wanga nawa na." Ba ta sake ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba.

Yanzu yana gudu a tsakar gida, ɓul-ɓul da shi. Kowa ya gan shi sai ya ce tubarkalla, ya yi kumatu, ni kuwa gabana ne ke faɗuwa. Sai in kira shi kamar zan gyara masa takalmi, in danna yatsa a bayan ƙafarsa, in jira.