Baƙar jakar da na saya a kan amalanke

Ba zan manta da wata ranar Alhamis ba har in koma ga Allah. Ƙarfe huɗu na yamma ne, mu uku a wani ɗaki a unguwar Ard al-Liwa: ni, da wani dattijo ɗan garinmu da ke kwance ba lafiya, da matarsa.

Bari in fara daga farko. Ni direba ne a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadanci a unguwar Dokki. Yawancin ƙarshen mako nakan kai iyalinsa Iskandariyya, mu kwana biyu mu dawo, don haka na bukaci jakar da za ta ɗauki kaya kala biyu da darduma. Na zaga shagunan Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Masu kyau sun fi ƙarfina, masu araha kuwa zif ɗinsu ba ya kai wata guda. Ana nan sai na ci karo da mai rubabikiya, irin masu yawo da amalanke suna sayen tsoffin kayan gida. A kan amalankensa na ga wata baƙar jakar fata. Na duba ta yadda na saba: ɗinki da farko, sannan zif, sannan gindi. Duk lafiya. Hannu ɗaya ne ya tsinke aka maye shi da koriyar igiya. Tana warin kafur sosai, na ce mai ita mutum ne mai tsoron asu. Na biya, na tafi ina ganin na yi dabara.

Ranar Alhamis ɗin, kafin mu kama hanya, na rataya ta na biya in duba dattijon, don ran Asabar za a yi masa tiyata a ciki. Tun daga bakin lungu na ga abin da ban gane ba. Matan da ke hira suka juyo suna kallona. Wani tela ɗan Nijar da muka saba wasa ya miƙe tsaye, bai amsa sallamata ba, ya bi ni da ido har na hau bene.

Matar ce ta buɗe ƙofa. Ba fuskata ta kalla ba, kafaɗata ta kalla. Ta ja da baya har ta jingina da bango.

"Malam, wa ya aiko ka da wannan?"

Na ce ba wanda ya aiko ni, jakar tafiyata ce. Dattijon ya ɗago kai daga katifa, ya daɗe yana duban igiyar nan, sannan ya yi ɗan murmushi.

"Kai ƙanena, gaggawar me kuke yi? Ai ban gama ba tukuna."

Shi ya yi min bayani. Jakar ta wani tsoho ce da ya yi shekara da shekaru yana wanke gawar mutanenmu a unguwar. A cikinta yake zuba likkafani da sabulu da kafur. Duk gidan da aka ga ta shiga, an san abin da ya faru. Tsohon ya rasu, mai gidan haya ya sayar da kayansa, kuma tun daga nan ba a sami wanda ya karɓi aikin ba.

Na ce, "Yaya, ma'alish, ka yi haƙuri. Fata ce da zare. Ran Asabar za ka je asibiti, ni zan dawo in kai ka in ka so."

Ya ce, "Khalas, shi ke nan. Ta riga ta san hanya." Ya juya fuskarsa bango. "Amma tunda hannunka ta zaɓa, kai za ka wanke ni. Kada ka bari a kai ni wurin baƙi."

Na yi faɗa, matar ta yi kuka, liman ya zo ya yi nasiha. Dattijon bai je asibitin ba. Mako na zagayowa ya cika.

Ban taɓa wanke gawa ba, amma wasiyyarsa ta hau kaina. Liman ya tsaya yana faɗa min abin da ke bin wani, ina yi. Bayan wata biyu aka ƙwanƙwasa min ƙofa a Dokki, wani ɗalibi ya rasu. Ba su ce in zo ba. Cewa suka yi, "A zo da jakar." Har yau ni ake kira.

Ajali na Allah ne, wannan na sani. Abin da na koya shi ne, kayan hannu ba ya zuwa shi kaɗai, yakan zo da aikin mai shi. Don haka ina roƙonka, mai karatu, in za ka sayi tsohuwar jaka, ka tambaya ta wa ce kafin ka tambayi kuɗinta. In mai sayarwa ya ce bai sani ba, ka ajiye masa abarsa.